Yadda muka kai koken Auta gaban kwamitin binciken 'yan sanda

Ranar 15 ga Oktoba 2020 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo ke jagoranta, ta umarci kowane gwamna ya kafa kwamitin shari'a da zai karɓi koke-koken mutanen da 'yan sanda suka zalunta. Aka ce tsohon alƙali ne zai shugabanta, a sa wakilan matasa da na ɗalibai da na ƙungiyoyin fararen hula, a ba su wata shida. A lokacin zanga-zangar EndSARS ta yi kusan mako tana ci a Legas da Abuja da wasu biranen. Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin Mohammed Adamu ya riga ya sanar da rushe SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi wadda ake zargi da zalunci, tun ranar 11 ga wata, bayan kwana biyu ya fito da wata rundunar mai suna SWAT, matasa suka ce an dai canza wa tuwo suna. Kuma suna da hujja. An yi alƙawarin gyara a 2017. A watan Agustan 2018 Osinbajo ya ba da umarnin yi wa rundunar garambawul yana muƙaddashin shugaban ƙasa. An kafa kwamiti ƙarƙashin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ya miƙa rahoto a 2019 ya ce a kori jami'ai 37, a gurfanar da 24 a kotu. Daga nan sai shiru.

Mu a nan Arewa abin bai kama mu kamar yadda ya kama Kudu ba. A teburin mai shayin unguwarmu magana ɗaya ce: mu da ake tare mu a hanya a shige da mu daji, wa zai ce a rage mana masu bindiga? Gwamnonin Arewa ma, ta bakin shugabansu na lokacin Simon Lalong na Filato, sun ce rundunar tana da amfani a wajensu. Wasu kuma cewa suke yi makirci ne aka shirya wa Buhari. Ni ban fita titi ba. Amma a gidanmu akwai wanda duk sanda aka kunna bidiyon masu zanga-zangar a waya sai ya tashi ya bar wurin.

Autanmu gyaran waya yake yi a kasuwa. A sanyin ƙarshen 2019 wani ya kawo masa waya ya saya, ashe ta fashi ce. Wasu mutane cikin kayan gida suka zo da mota marar lamba suka ɗauke shi daga rumfa, da kwamfutarsa da wayoyin mutane da ke hannunsa. Ba zan faɗi sashen ba, ba zan faɗi ofishin ba. Sai da muka zaga caji ofis-ofis na garin kafin wani ɗan sanda mai tsoron Allah ya ja ni gefe ya ce in je wuri kaza in tambaya, kada kuma in ce shi ya faɗa mini. Da aka sako shi, bayan Inna ta sayar da awakinta ni kuma na kwashe abin da ke asusuna, hannunsa na dama ba ya ɗaguwa. An ɗaure masa hannuwa ta baya an rataye shi a ƙarfe, wai sai ya faɗi inda sauran 'yan fashin suke. A bangon ofishin, daidai saman kanta, an manna takarda an rubuta beli kyauta ne.

Da jiharmu ta kafa nata kwamitin aka yi ta shela a rediyo, sai gida ya rabu biyu. Kawu ya ce faɗa da aljani ba daɗi, yaro ya fito da ransa a gode wa Allah, waɗannan mutanen sun san rumfarsa sun san gidanmu. Inna ba ta ce komai ba sai da kowa ya gama, sannan ta dubi Auta ta ce, “Kai aka yi wa. In ka ce a bari, an bari.” Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, “Yaya, in za ka tsaya mini, zan je.”

Abu na farko da na koya shi ne, kwamitin ba ya karɓar labari da baki. Sai an rubuta. Wani abokina ya haɗa ni da wata matashiyar lauya cikin waɗanda suka yi rajistar tsaya wa masu koke kyauta. Ta zaunar da Auta a ofishinta, wani ɗan ɗaki a saman bene mai fanka ɗaya, ta ce ya ba ta labarin daga farko. Bai yi nisa ba ta dakatar da shi.

“Wace rana ce? Ba sanyi nake tambaya ba, kwanan wata.”

Ba mu sani ba a take. Sai da na buɗe wayata na yi ta gangarawa cikin tsofaffin saƙonni har na iske wanda na tura wa shugabar makarantar da nake koyarwa ina neman izinin fita. Barista ta ce to haka za mu yi da komai. Su nawa ne suka zo, wane irin mota, wa ya gani, me aka kira mai binciken ko da laƙabi ne, wa aka miƙa wa kuɗi, a ina. Ta ce a rubuta abin da ya gani da abin da jikinsa ya ji kawai, abin da aka ce aka ce a bar shi a gida. A ƙarshen takardar aka jera abin da muke nema: a bayyana cewa tsarewar haramtacciya ce, a dawo da kuɗin da kayan, a biya kuɗin magani da diyya, a hukunta waɗanda suka yi. Ta nuna mana inda doka ta tsaya. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Ita kuwa sabuwar dokar 'yan sanda Buhari ya sa mata hannu a watan Satumban 2020, makonni kaɗan kafin titi ya cika. Wato ba rashin doka ne ya fito da yaran nan ba.

Wahalar tana wajen shaida. Wanda ya rataye ka ba ya ba ka rasit. Da Auta ya fito, wurin mai ɗori muka fara kai shi, kamar yadda kowa ke yi, sai da hannun ya ƙi muka je asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Katin yana nan, Inna ta adana shi a cikin kwalla tare da takardun gida. Amma rahoton likita sai da muka koma aka nemo fayil a ɗakin ajiya, likitan da ya duba shi ya bar asibitin, wani ya duba abin da ke rubuce ya sa hannu. Kuɗin belin kuwa tsaba aka karɓa, a bayan ofis, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Barista ta ce in je banki in karɓo bayanin asusuna na watan. A ciki aka ga na cire kuɗi da daddare a wurin mai POS, kuma rumfar mai POS ɗin tana kallon ƙofar ofishin. Matar da ke sayar da abinci a bakin ƙofar, wadda kullum nake sayen shinkafa da wake a wurinta in miƙa ciki, ta san komai. Da na roƙe ta ta zo shaida sai ta ce, “Malam, ka yi mini rai. Nan nake ci da marayu.” Ban ga laifinta ba. Maƙwabcin rumfar Auta shi ya yarda.

Sauran aikin ƙafa ne. Aka buga takarda, muka je rajistar babbar kotu Auta ya yi rantsuwa aka buga hatimi, muka yi fotokwafi tuli guda saboda kowane mamba sai an ba shi nasa, 'yan sanda ma da nasu. A sakatariyar kwamitin wani magatakarda ya ƙirga, ya rubuta lamba da jan biro a saman namu kwafin, ya ce za a kira mu. Ba a karɓi ko sisi ba a wurin, wannan kam gaskiya ce. Amma tsakanin buga takarda da rantsuwa da rahoton likita da kuɗin mota, na ga abin da zai hana mai tura baro ko ɗan ga-ruwa zuwa ko da an karya masa ƙafa biyu.

Kafin a kira mu ƙasar ta riga ta juye. An yi harbi a wurin masu zanga-zanga a mashigar Lekki da ke Legas a daren 20 ga Oktoba, Buhari ya yi jawabi ranar 22 bai ambaci wurin ba, aka fasa rumbunan tallafin korona a Jos da wasu garuruwa, aka sa dokar hana fita. A watan Nuwamba Babban Banki ya samo umarnin kotu ya rufe asusun mutum 20 da aka ce suna da hannu a zanga-zangar, ba a buɗe ba sai Fabrairun 2021. A farkon Disamba kuma labari ya fito cewa rundunar 'yan sanda ta shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya tana neman a dakatar da kwamitocin gaba ɗaya. Da aka yi ca, hedikwata ta ce ba da saninta aka yi ba, aka janye. Kawu ya zo har gida da rediyonsa a hannu ya ce, “Kun ji ko? Da hannun dama ana kiran ku, da na hagu ana rufe ƙofa.” A ranar ban sami amsar da zan ba shi ba.

Zauren da ake zaman babba ne, mambobi a jere a kan dogon teburi, Mai Shari'a a tsakiya. Lauyoyin 'yan sanda a gefe ɗaya da fayil-fayil, masu koke a bencina na baya. Zamanmu na farko bai kai minti biyar ba. Aka kira lambarmu, lauyan 'yan sanda ya miƙe ya ce, ya mai shari'a, ba a kai musu sammaci a kan lokaci ba. Aka ɗage. Da muka dawo ya ce an rushe sashen, an rarraba jami'an, wanda ake nema an mayar da shi wata jiha, an aika masa saƙo ta hedikwata. Aka ɗage. Sai na fahimci wani abu da masu murnar rushewa ba su hango ba: rushewar ta watsa mutanen da ake nema, ta bai wa kowane lauya amsa a shirye. Daga baya yajin aikin ma'aikatan kotu na 2021 ya zo, daga Afrilu har Yuni, komai ya tsaya cik.

Zaman jiran nan shi ya sa na san sauran. Akwai direban da aka harbe wa taya da ƙafa a shingen bincike. Akwai ɗan kasuwar da aka riƙe wa mota shekaru har ta ruɓe a harabar ofis. Akwai kuma wata dattijuwa da ta zo daga ƙauye da hoton ɗanta a cikin leda, ƙaramin hoto irin na katin zaɓe. An tafi da shi ba a dawo da shi ba, ba gawa ba labari. Ba ta da kwanan wata, ta dai ce shekarar da aka yi ambaliya ce, bayan babbar salla. 'Yan sanda suka ce ba su da wani mai wannan suna a littafinsu. Mai Shari'a ya yi mata magana da Hausa a hankali, ya ce, “Baba, ko akwai wanda ya ga an tafi da shi?” Ta ce akwai, amma ya rasu. Na gan ta a wasu zaman, sannan na daina ganinta. An ce kuɗin mota ne ya gagara, aka kori koken saboda mai shi ba ta zuwa.

Ranar da aka saurari Auta, da Alƙur'ani ya yi rantsuwa, aka kawo tafinta domin da Turanci ake rubutawa. Barista ta bi da shi a hankali har ya kai ƙarshe. Da ya zo wurin ratayar muryarsa ta sarƙe, Mai Shari'a ya ce a ba shi ruwa. Sannan ya ce ya cire riga. Auta ya juya baya, ya yi ƙoƙarin ɗaga hannuwan biyu, na hagu ya tafi sama, na dama ya tsaya daidai kafaɗa. Wata mamba, wakiliyar matasa, ta sauko ta duba tabon igiyar da ke wuyan hannunsa ta koma ta rubuta.

Sai lauyan 'yan sanda ya miƙe. Mutum ne mai fara'a, har ya gaishe ni a waje da safe.

“Kana hawa babur?”

“Ina hawa, yallaɓai.”

“Ka taɓa faɗuwa?”

“Na taɓa, tun ina yaro.”

Ya ɗaga katin asibitin. Ya ce ga ranar da ka ce an sake ka, ga ranar da ka je asibiti, makonni ne a tsakani. Wanda aka yi wa abin da ka faɗa zai zauna a gida? Auta ya ce wurin mai ɗori aka kai shi. Lauya ya ce ina takardar mai ɗorin? Wasu a baya suka yi dariya, ba ta mugunta ba, ta mamaki. Ya ci gaba. Ka yarda wayar sata aka samu a hannunka? Na yarda, amma ban san ta sata ba ce. Kana da rasit ɗin wanda ya sayar maka? Babu. Ka ce an karɓi kuɗi, wa ya gani? Yayana. Yayanka zai ƙi goyon bayanka? Ya rufe fayil ya ce, “Ina gaya maka, babur ne ya kayar da kai, ka ji ana rabon kuɗi ka zo.”

Auta bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Yallaɓai, babur ba ya ɗaure mutum ta baya.” Tafinta ya juya, Mai Shari'a ya rubuta, ya ce a ci gaba.

Ni ma na shiga akwatin shaida, aka karɓi bayanin bankin aka sa masa lamba. Amma abin da ya juya shari'ar ba daga wurinmu ya fito ba. Barista ta roƙi kwamitin ya umarci a kawo littafin da ake rubuta waɗanda aka tsare. An sha ɗagewa a kansa, har sai da Mai Shari'a ya ce in ba a kawo ba zai rubuta cewa an ƙi. Aka kawo shi, wani dogon littafi mai baƙar bango da ya ci hannu. Sunan Auta yana ciki. Sai dai an rubuta an kawo shi ana gobe za a sake shi, kwana ɗaya tak, daidai yadda doka ta ce. Barista ta ajiye saƙon da na tura wa shugabar makarantarmu kusa da shafin, ta kira maƙwabcin rumfa ya faɗi ranar da aka ɗauke shi, ta tambayi jami'in da ya kawo littafin: to tsakanin wannan rana da waccan, ina yaron yake? Ya ce shi ba ya wurin a lokacin. Mai binciken kansa, wanda Auta ya ce shi ya riƙe igiyar, bai taɓa takowa zauren ba har aka rufe sauraro.

Lauyoyi suka miƙa jawabin ƙarshe a rubuce. Kwamitin ya gama, muka ga hotonsu a talabijin suna miƙa wa gwamnati rahoto. Barista ta ce labarin da ta samu shi ne an ba da shawarar a biya Auta, a kuma miƙa sunan jami'in ga hukumar da ke ladabtar da 'yan sanda. Shawara ce kawai. Wannan ne abin da da yawa cikinmu da ke bencin baya ba mu gane ba tun farko, ganin alƙali da rantsuwa da lauyoyi. Kwamitin ba kotu ba ne. Ba ya ɗaure kowa, ba ya korar kowa daga aiki, ba shi da asusun da zai biya. Sai gwamnati ta fitar da takardar matsayarta ta ce ta karɓi kaza ta ƙi kaza. Su kuma 'yan sanda na tarayya ne, gwamna ba ya korar ko kurtu.

Inda aka biya, an biya. Kwamitin Legas na Mai Shari'a Doris Okuwobi ya raba sama da naira miliyan 400 tun yana zama, ya miƙa rahoto ranar 15 ga Nuwamba 2021, ya ce abin da ya faru a Lekki ana iya kiransa kisan kiyashi. Gwamnatin jihar ta fitar da tata takardar ta ƙi yarda da wannan, ministan yaɗa labarai na lokacin Lai Mohammed ya yi watsi da rahoton. Na Abuja, wanda tsohon alƙalin Kotun Ƙoli Suleiman Galadima ya shugabanta, ya biya mutane a ƙarshen 2021 da kuma 2022. Jihohi bakwai kuwa, Kano da Jigawa da Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Yobe da Borno, ba su ma kafa ba. Duk wanda ya taɓa kwana a bayan kanta a waɗannan garuruwan ya san ba don babu abin faɗa ba ne. Na tuna da wannan a watan Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da yaran da aka kamo daga Kano da Kaduna a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban kotu a Abuja, sai da duniya ta gani Tinubu ya ce a sake su. A teburin mai shayin namu, waɗanda a 2020 suka ce ba ruwanmu su suka fi kowa ɗaga murya.

Mu dai namu rahoton yana inda aka ajiye shi. Na rubuta wasiƙun tuni, ana karɓa a buga hatimi a ce ana kan dubawa. Auta ya koma rumfa, ya koyi riƙe abin narka dalma da hagu, ya kuma daina sayen waya sai mai ita ya kawo kwali ko ya tsaya an ɗauki hotonsa da katinsa. Shi yana ganin a bar maganar haka, ya faɗa a gaban alƙali an rubuta, ya ishe shi. Ni ban yarda ba, Inna ma haka, don har yau ba ta mayar da awakinta ba.

Barista ta ce akwai sauran hanya ɗaya. Ana iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, kuma ƙa'idojin 2009 sun ce irin wannan ƙara daɗewa ba ta kashe ta. Shafin littafin nan da shaidar da aka bayar a kan rantsuwa za su yi mana amfani, in muka samu kwafin zaman mai hatimi daga sakatariya. Ta kuma gaya mana gaskiya: ko mun ci, kafin a taɓa kuɗin hukuma sai babban lauyan gwamnati ya sa hannu ya yarda, akwai masu riƙe da hukuncin kotu shekara da shekaru ba su ga ko kwabo ba. Na nemi kwafin. Sakatariyar ta watse tun da kwamitin ya gama, an ce takardun suna ma'aikatar shari'a, can zan nufa ranar Litinin in Allah ya kai mu.